Baffa na so in gaje shi, ni kuma zuciyata na kan koyar da dokar muhalli

Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ne a Kano, shekarata 33, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ina aji huɗu na firamare mahaifina ya rasu, ƙaninsa ya ɗauko ni daga ƙauyenmu da ke gefen kogin Challawa, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Baffa ne ya biya min kuɗin karatu tun daga sakandare har Makarantar Horon Lauyoyi da ke Bagauda. Shekara shida ke nan ina aiki a ofishinsa, yawanci shari'ar filaye da bashi da rabon gado. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya karanta shari'a, kuma ya sha faɗa a gaban mutane cewa ni zan gaje shi.

Na yi digiri na biyu, kundina a kan ruwan majemu da ke malalowa cikin koginmu. Muna yara a nan muke wanka da kamun kifi. Yanzu ruwan ya sauya launi, yana wari, lambun da mahaifiyata ke samun na cefane daga gare shi ma ya daina yin albarka. Tun daga nan dokar muhalli ta shiga raina. To ga shi wata jami'ar jiha, tafiyar awa uku daga Kano, ta ba ni takardar ɗaukar aiki a matsayin lakcara mai daraja ta biyu, an ce in kama aiki cikin wata biyu. Albashin bai kai rabin abin da nake samu ba idan wata ya yi kyau.

Matata ba ta hana ni ba, amma ta tambaye ni abin da za mu ci idan aka tafi yajin aiki. Baffa kuwa har yau na kasa gaya masa. Wani babban lauya da na nemi shawararsa ya ce dokar muhalli harkar mutanen Neja Delta ce da ƙungiyoyi masu cin tallafin Turawa, a Arewa ba ta da kasuwa. Abin da ya fi karya min gwiwa shi ne maƙalar da na ciro daga kundina, mujallu biyu sun dawo min da ita. Ɗaya ta ce dokoki kawai na jera, ba a ga abin da nake son tabbatarwa ba. Malam, wanda ya kasa fitar da maƙala ɗaya zai iya aikin da rubutu ne tsaninsa? Kuma in na tafi, butulci na yi wa Baffa?

Barista M., Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Baffa da alheri. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, na lura ka ajiye maganar maƙala a ƙarshe, alhali ita ce ta riƙe maka ƙafa. Da mujallun nan sun karɓi rubutunka, ina kyautata zaton da tuni ka zauna gaban Baffa. Don haka da ita zan fara.

Abin da mai bitar mujallar nan ya rubuta maka alheri ne, domin ya nuna maka inda ciwon yake, kuma ciwo ne da kusan duk lauyan da ya baro kotu ya shiga jami'a yake zuwa da shi. Shekara shida kana yi wa alƙali rubutu. Alƙali ya riga ya san tambayar, ƙarar ce ta kawo masa ita, kai naka shi ne ka jero sashe da sashe da hukunce-hukuncen baya, ka tsaya a ɓangaren wanda ya ɗauke ka. Mai karanta mujalla kuwa bai san tambayar ba sai ka kafa masa ita, kuma ba wanda ya ɗauke ka, saboda haka dole ka kawo hujjar mai saɓa maka da dukkan ƙarfinta kafin ka ba ta amsa. Ban ga maƙalarka ba, amma na san ire-irenta: gabatarwa, ma'anar kalmomi, dokokin da suka shafi batun ɗaya bayan ɗaya, matsaloli, sai a rufe da kira ga gwamnati ta ƙara himma, a kuma wayar da kan jama'a. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, sai dai babu jimla ɗaya da wani masani zai karanta ya ce ban yarda ba. Rubutun da ba wanda zai yi musu da shi, ba wanda ke buƙatarsa.

Ga gwajin da nake so ka yi. Idan ka je ƙauye, ka zauna da Inna ka faɗa mata da Hausa, cikin jimla ɗaya, abin da maƙalarka ta gano. Idan ka ce mata kogin ya gurɓace, za ta ce ai ta riga ka sani. Idan ka ce akwai doka amma ba a aiki da ita, wannan ma ba labari ba ne a wurinta. Amma idan ka ce mata, Inna, na gano ƙofar da ke toshe, wadda ta hana mai lambu irinki karɓar diyya a kotu, ga kuma yadda za a buɗe ta, za ta ajiye abin da take yi ta saurare ka. Wannan jimlar ita ce maƙalarka. In ka kasa haɗa ta da Hausa, Turanci ba zai rufa maka asiri ba.

Kuma ƙofofin a gabanka suke, ka san su. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, a 2007, a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da masana'antun fata, don haka ba za a ce babu doka ba. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi. Sai lauyoyi suka zaga ta wasu hanyoyi. Akwai sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983. Akwai shari'ar Jonah Gbemre da kamfanin Shell, inda Babbar Kotun Tarayya a Benin ta yanke a 2005 cewa ƙona iskar gas a kusa da gidajen mutane tauye haƙƙin rayuwa ne da mutunci, ko da yake hukuncin bai kashe wutar ba. Sannan a 2018 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch ta kai NNPC kan malalar mai a jihar Abia, ta ce ƙungiya mai zaman kanta na da hurumin kai ƙara a madadin jama'a. To mai lambu a gefen Challawa, wace ce tasa a cikin waɗannan? Idan majemu da yawa na zuba ruwansu a magudana ɗaya, ta yaya zai tabbatar wa alƙali cewa sinadarin jimar fata, kuromiyam, da ke cikin ƙasarsa daga wurin wane ya fito? Wa zai biya kuɗin gwajin ruwa da na ƙwararren mai ba da shaida? In kuma hukumar da ta yi sakaci zai kai ƙara, ga dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku tana jiransa. Ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, ɗaya tak, ka haƙa ta har ƙasa. Sauran ka adana, su ne maƙalunka na gaba.

Abin da zai bambanta ka da wanda ya zauna a ɗaki ya tattaro rubutun wasu shi ne kana da ƙafa a wurin. Ka shiga rajistar kotuna ka duba ko an taɓa shigar da irin wannan ƙarar, da inda ta tsaya. Ka rubuta wa hukumar tarayya da abin ya shafa a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa, ka tambayi sau nawa aka je duba masana'antun da sau nawa aka hukunta wani. Ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, ka sami abin rubutawa. Ka zauna da masu lambu da masunta da mai gari ka ji inda suke kai kukansu. Malaman kimiyya a jami'o'in Kano da Zariya sun daɗe suna auna ruwan Challawa da Jakara da Getsi, alƙalumansu na nan a mujallu. Ka nemi ɗaya daga cikinsu ku yi aiki tare, shi ya kawo awo, kai ka kawo abin da doka za ta yi da awon.

Shi kansa rubutun, sana'a ce ta kullum kamar saƙa. Ka ware awa ɗaya bayan Asuba kafin gida ya tashi, ka rubuta kalma 300, kwana biyar a mako. Cikin mako shida ka tara 9,000, wato maƙala guda har da abin yankewa. Ka gajarta jimlolinka, ka rage Latin ɗin da muka saba ƙawata takardun kotu da shi. Kafin ka aika, ka karanta maƙalu uku ko huɗu na mujallar da kake nufa, ka bi tsarin kawo madogara da suke so, ka kuma ba mutum biyu da ba sa jin kunyarka su karanta. Abu ɗaya nake roƙonka: kada zafin waɗannan ƙin amincewa biyu ya kai ka ga mujallun da ake biya su buga cikin mako ɗaya ba tare da kowa ya duba ba, kada kuma ka shiga cinikin sa sunana in sa naka. Ranar da za a aika ayyukanka ga masu tantancewa na waje don kujerar farfesa, irin waɗannan takardun nauyi za su zame maka.

Yanzu maganar babban lauyan da ka tuntuɓa. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya, kuma bai kamata a ɓoye maka ba: wanda gurɓatar muhalli ta cutar a Arewa yawanci talaka ne, ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. In da cewa ka yi za ka buɗe ofis ka rayu da shari'ar muhalli kaɗai a Kano, da na ce ka dakata. Amma malamin jami'a ba kasuwa yake nema ba, tambayoyin da ba a amsa ba yake nema, kuma a nan su ne suka yi mana yawa. Dokar muhalli ta Najeriya ma bala'i ne ya haife ta. Sai da aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, sannan aka yi dokar shara mai cutarwa, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar. Daga nan batun man fetur ya mamaye fagen, har ya zama kamar in ba a ambaci yankin Ogoni na Neja Delta ba to ba dokar muhalli ake magana ba.

Dubi namu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Ƙauyen Bagega na Anka sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ma'adinai na tarayya ne bisa tsarin mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007, ƙasa kuma na hannun gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978, lafiya a matakin farko na ƙaramar hukuma, to idan yaro ya mutu wa za a tuhuma? Ga madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, da yadda suka sauya ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ke rayuwa da ita, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da makiyayi da masunci a Jigawa da Yobe suna biyan kuɗin shawarar da aka yanke a sama da su. Wannan ruwan ne ke bin Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi, wanda ke da hukumar ƙasashe tun 1964. Ga ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 da ta shanye unguwannin Maiduguri. Ga burtali da gandun kiwo da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, da yadda gonaki da gine-gine suka cinye su. Ga hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, da aka yi wa doka a 2015 don jihohi 11 da hamada ke barazana gare su. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa digiri na uku.

Kana da wata dukiya kuma da ba ka lissafa ba. Shekara shida kana shari'ar gado da filaye, ka saba da fiƙihun Malikiyya da kotunan da ke aiki da shi. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa. Akwai wanda ya ce mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta, akwai wanda ya hana yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwa. Malamai sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da su da ba a yarda wani ya mamaye ba, da hima, wato makiyayar da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kamar yadda Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza. Mai lambun ƙauyenku kotun Shari'a ta fi masa kusa da arha a kan Babbar Kotun Tarayya. Tana da hurumin jin kukansa? In tana da shi, har ina ya kai? Wanda ya zo daga Fatakwal ko Landan ba zai riga ka amsa wannan ba. In ka tsallaka iyaka kuma, Nijar ta yi dokar karkara a 1993 wadda a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye, kuma manoman Maraɗi da Damagaram sun rayar da miliyoyin itatuwan gawo a gonakinsu bayan da suka sami tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne. Hausa ɗaya kuke ji da su, kwana biyu a can zai ba ka abin kwatantawa da dokokin gandun daji na jihohinmu.

Sai tambayar maiɗakinka, wadda ita ce mafi hankali a cikin wasiƙar duka. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi kusan wata tara tana yajin aiki, a 2022 ta yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka kuma riƙe albashin malamai. Ta ga wannan da idonta a gidajen maƙwabta ko 'yan'uwa, don haka kada ka amsa mata da Allah zai rufa asiri kawai. Zai rufa, amma ku ɗaure raƙumin. Ku zauna da takarda da biro, ku rubuta haya, abinci, kuɗin makarantar yara, magani, abin da kake aika wa Inna, da kuɗin motar zuwa da dawowa kowane mako. Ka kira malamai biyu da ke aiki a jami'ar, ba shugabanni ba, ka tambaye su ranar da albashi ke shiga, ko ana bin jihar bashin watanni, ko akwai gidan ma'aikata. Ina ba ka shawarar kada ka tayar da iyali a shekarar farko, kuma ku yi ƙoƙarin ajiye abin da zai riƙe gida wata shida kafin ka bar inda kake. In tana da sana'a ko tana son farawa, yanzu ne lokacin ƙarfafa ta. Ita ce za ta kwana da yara ita kaɗai dare huɗu a mako, don haka yardarta ta zama ta gaske, ba ta kunya ba.

Ka kuma shiga da idonka a buɗe game da aikin kansa. A tsangayoyi da yawa dokar muhalli darasi ne na zaɓi, sabon malami kuma abin da ya rage ake ba shi. Mai yiwuwa ka tsinci kanka kana koyar da dokar kwangila ko ta filaye ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga duba takardun jarrabawa, ga aikin kwamiti. Ka je ka ga shugaban tsangayar tun yanzu, ka tambaye shi darussan da zai ba ka, da ko za a bar ka ka fara digiri na uku da wuri. Tsanin a bayyane yake: daga daraja ta biyu zuwa ta ɗaya, zuwa babban lakcara, zuwa mataimakin farfesa, zuwa farfesa, yawanci aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki, kuma ba tare da digiri na uku da maƙalu ba za ka maƙale a tsakiya. Asusun TETFund, wanda aka yi wa doka a 2011, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jiha, da sharaɗin ka dawo ka yi musu aiki. Akwai kuma tallafin karatu na Commonwealth da na hukumar DAAD ta Jamus. Farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, kai kana 33, akwai sauran tafiya mai tsawo da za a rama shekarun ƙunci na farko.

Kan haɗa koyarwa da aikin lauya, kai ma ka san akwai ja-in-ja. Wani umarni na 1992 ya cire malaman shari'a daga haramcin aikin kansu, amma ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a in ba noma ba. Kada ka dogara da kowa na yi. Ka karanta sharuɗɗan aikin jami'ar, ka nemi matsayinsu a rubuce, domin abin da za ka iya yi wa Baffa alkawari ya rataya a kan wannan.

To, Baffa. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutum ne da ya ɗauki marayan ɗan'uwansa ya mayar da shi lauya, ya gina ofis da sunansa shekara da shekaru, yanzu ƙarfi na raguwa, yana kallon wanda zai riƙe fayil-fayil ɗin mutanen da suka amince masa, da magatakarda da ɗan aike da ke ci a ƙarƙashinsa. Da ya ce kai za ka gaje shi a gaban mutane, yabonka yake yi da babbar murya irin ta dattawan da ba sa iya cewa ina alfahari da kai. Zafin da zai ji na gaske ne, kuma yana da haƙƙin jin sa. Amma butulci shi ne mutum ya musanta alherin da aka yi masa, ko ya sulale a ɓoye, ko ya bari mai alherin ya ji labari a bakin wani. Na ukun nan shi nake ji maka tsoro, domin ka riga ka gaya wa wani babban lauya, lauyoyin Kano kuwa a harabar kotu ɗaya suke gaisawa. Kowace rana da ka ƙara kana shiru, kana kusantar laifin da kake gudu.

Ka fara da Inna, ita ta san halin ƙanin mijinta fiye da kai. Sannan ka sami Baffa a gida, ba a ofis ba, bayan Isha'i lokacin da ya natsu. Ka tafi da takardar a hannunka ka miƙa masa ya karanta da kansa, ka ce ba ka amsa ba sai ka ji ta bakinsa, kuma hakan ya zama gaskiya. Ka gaya masa dalilinka yadda ka gaya min, ka ambaci kogin, ai shi ma a gefensa aka haife shi, ya san yadda ruwan yake a da. Kada ka je da roƙo kawai, ka je da tsari: ga shari'o'in da ke hannuna, waɗannan sun kusa hukunci zan ƙarasa su, waɗannan zan miƙa wa wane, ga ƙaramin lauyan da nake ganin za a iya rena shi, ni kuma duk Asabar da lokacin hutu ina nan don bincike da duba takardu gwargwadon abin da doka ta ba ni dama. In ya yi fushi ko ya yi shiru, kada ka kawo hujja a kan hujja kamar kana gaban alƙali. Ka yi masa sallama, ka dawo bayan kwana uku. In akwai dattijon da yake jin maganarsa, amininsa ko yayarsa, a sa shi a tsakani, amma bayan ka fara zuwa da kanka.

Idan lissafinku da maiɗakinka ya nuna gida ba zai tsaya ba, ko Baffa ya nuna maka cewa tafiyarka yanzu za ta rushe ofishin, to ba a rufe ƙofa ba. Ka zauna a Kano da yarjejeniya mai wa'adi, shekara biyu ko uku, ka yi rajistar digiri na uku a Jami'ar Bayero ko a tsangayar shari'a ta Kongo a Zariya, ka nemi koyarwa ta wucin gadi a ɗaya daga cikin makarantun da ke koyar da shari'a a cikin gari, ka ci gaba da awarka ta Asuba, ka kuma rena wanda zai maye gurbinka. Wanda ya shigo jami'a da digiri na uku da maƙalu huɗu ko biyar ba a ƙasan tsani yake farawa ba. Haɗarin wannan hanyar biyu ne: gurbin aiki a jami'a ba kullum yake faɗowa ba, sannan shekara uku kan zama goma idan ba a rubuta wa'adin an faɗe shi a gaban shaida ba.

In ka tambayi ra'ayina, ka karɓi aikin. Mutumin da ya gama digiri na biyu, yana samun kuɗi a ofis mai suna, amma ya koma ya zauna da kundinsa ya ciro maƙala ba wanda ya sa shi, aka dawo masa da ita ya sake aikawa, wannan ya riga ya fara aikin malanta tun kafin a ba shi takarda. Yaran da za su zauna a ajinka daga Gumi da Gashuwa da Haɗejiya suke, kuma ina so a ce akwai wanda zai koya musu cewa rijiyar garinsu da burtalin garinsu suna cikin abin da doka ta yi magana a kai. Sharaɗina biyu ne, lissafin gida ya tsaya, Baffa kuma ya ji daga bakinka kafin ka sa hannu.

Wata biyu ba ta da yawa. Gobe ka rubuta wa magatakardar jami'ar ka nemi a ƙara maka wata biyu ko uku don ka miƙa shari'o'in da ke hannunka, jami'o'i sukan saurari irin wannan uzurin in an kawo shi a rubuce da wuri. Ka yi istihara. Ranar Asabar ka tafi ƙauye wurin Inna, kafin mako ya zagayo ka zauna gaban Baffa. Bayan nan ka rubuto min yadda kuka yi, ka haɗo min da jimlar nan guda ɗaya da ka faɗa wa Inna, in duba maka ita kafin ka fara sake rubuta maƙalar.